Yanayi da Wuta da Tsirrai a Tsaunukan Ƙasar Bauchi da Maƙwabtanta: Shaidar Laka da Shaidar Harshe

1.0 Gabatarwa

Kowace shekara, da zarar an kawar da amfanin gona, iskar hunturu ta fara kaɗawa, wuta takan kama a duwatsun da suka kewaye birnin Bauchi da kuma dazuzzukan da ke bayansu. Daga watan Nuwamba har zuwa Fabrairu ba a rasa hayaƙi da rana, ko jan layin wuta a jikin dutse da dare. Bayanin da aka saba bayarwa a littattafan makaranta da shirye-shiryen wayar da kai shi ne, wai a da can ilahirin wannan ƙasa kurmi ce mai duhu, manomi da makiyayi da maharbi ne suka cinye ta da wuta da gatari har ta koma fili mai ciyawa da itatuwa jefi-jefi. Maganar ba ƙarama ba ce, domin a kanta ake ɗora dokokin hana ƙuna, da ita ake zaɓar wuraren dashen itatuwa, kuma da ita ake yanke hukuncin wanda ya ɓata ƙasa.

Wannan maƙala za ta duba abin da binciken laka ta ƙarƙashin tafkuna ya nuna game da yadda yanayi da wuta da tsirrai suka yi ta juya juna a tsaunukan arewa maso gabashin Nijeriya cikin dubban shekarun da suka shige. Za a kuma gwada wannan shaida da wadda harshen Hausa yake ɗauke da ita a kalmominsa na daji da itatuwa da wuta, domin wani ɓangare na ruɗanin da ake ciki daga fassara ya samo asali.

2.0 Yanayin Ƙasar

Birnin Bauchi, wanda Malam Yakubu ya kafa wajen shekarar 1809, yana zaune ne a tudu mai tsawon kimanin mita 600 daga doron teku, ruwan saman da yake samu a shekara kuwa bai cika yin nisa da milimita 1,000 ba. Daga kudu maso yamma ƙasa tana hawa zuwa tsaunin Jos, wanda Turawan mulkin mallaka suka daɗe suna kira tsaunin Bauchi, inda duwatsun Shere suka kai mita 1,829. Daga gabas, bayan an ƙetare kogin Gongola, akwai tsaunin Biu. Can kudu maso gabas kuma, a jihar Taraba, tsaunin Mambila ne da dutsen Chappal Waddi mai mita 2,419, wanda babu kamarsa tsawo a Nijeriya. Abin da ya sa tsawo yake da muhimmanci shi ne, zafin iska yakan ragu da kimanin digiri 6 a duk hawan mita 1,000. Saboda haka itacen da ba ya iya rayuwa a zafin Bauchi yana iya samun mafaka a kan dutsen da bai wuce tafiyar yini ɗaya da ita ba. Kuma idan yanayin duniya ya yi sanyi, wannan itace yakan gangaro ƙasa, in ya yi zafi ya koma sama.

3.0 Kurmi da Daji

Bahaushe bai haɗa kurmi da daji a ma'ana ɗaya ba. Kurmi wuri ne da kawunan itatuwa suka haɗu har rana ba ta isa ƙasa sosai, galibi a bakin rafi ko a cikin kwazazzabo, ƙasansa ganye ne da danshi, ciyawa ba ta samun sakewa. Daji kuwa, ko jeji, ko dawa, kishiyar gari ne: duk inda ba gida ba gona. Ana iya samun daji mai itatuwa da yawa, ana iya samun wanda ciyawa da sabara kawai ke cikinsa. Ma'aunin kurmi inuwa ce, ma'aunin daji kuwa rashin mutane. Ko da aka ce ƙungurmin daji ko dokar daji, nisa da mutane ake nufi fiye da duhun itatuwa. Ana kyautata zaton dokar daji daga itacen doka ta samo suna, wato itacen da ya mamaye dazuzzukan kudancin Zazzau da yammacin Bauchi, wanda masana tsirrai suka ari sunansa na Hausa suka sa masa Isoberlinia doka. Dajin doka kuwa, duk da yawan itatuwansa, ciyawa ce shimfiɗe a ƙasansa, kuma yana cin wuta kusan kowace shekara.

Wannan bambanci da harshe ya yi shi ne ainihin bambancin da ilimin muhalli ya tabbatar. Dajin da ke da ciyawa a ƙasa, wanda masana suke kira sabana, yana rayuwa tare da wuta. Kurmi kuwa yana rayuwa ne ta hanyar hana wuta shiga. Matsala ta taso ne lokacin da aka zo fassara kalmar Ingilishi ta kurmi a harkokin gwamnati, aka zaɓi daji: aka sami gandun daji, da ma'aikatar gandun daji, da malamin daji. Daga nan duk wani rahoto da ya yi magana a kan ɓacewar kurmi sai ya iso kunnen mai sauraro a matsayin ɓacewar daji, duk wani daji kuma aka ɗauke shi a matsayin kurmin da ya lalace.

Haka abin yake a kalmomin wuta. Gobara ita ce wutar da ta ƙwace ta yi ɓarna. Toyi ko ƙunar daji aiki ne da ake yi da niyya, a lokacin da aka zaɓa: makiyayi yana neman sabon toho, maharbi yana son fili ya buɗe, mai sassabe yana ƙone abin da ya sare. Idan sanarwa ta kira dukkan waɗannan gobarar daji, ta riga ta yanke hukunci tun kafin a saurari hujja.

4.0 Asalin Ra'ayin Lalacewar Kurmi

Ra'ayin cewa sabana kurmi ce da ta lalace ya yi ƙarfi ne a zamanin mulkin mallaka. A 1935 wani malamin ilimin gandun daji, E. P. Stebbing, ya wallafa cewa Sahara tana gangarowa kudu tana barazana ga Arewacin Nijeriya, ya kuma ɗora laifin a kan noma da kiwo da ƙuna. Hukumar haɗin gwiwa ta Ingila da Faransa da ta zagaya kan iyakar Nijeriya da Nijar a 1936 zuwa 1937 ba ta sami hujjar wannan gangarowa ba, amma maganar ta riga ta kama. A 1949 André Aubréville na Faransa ya fitar da littafinsa a kan yanayi da kurmi da kwararowar hamada, inda ya nuna cewa yawancin sabanar Afirka ta Yamma busasshen kurmi ne a da, wuta ce ta buɗe shi. Hujjarsa mai ƙarfi ita ce 'yan guntayen kurmi da ake gani a kan duwatsu, da bakin rafuka, da wuraren tsafi da ba a taɓawa. A ganinsa waɗannan ragowa ne na abin da ya taɓa rufe ƙasa duka.

Hujjar tana da kama hankali, sai dai tana da rauni guda: an kalli yanayin wuri a yau, an karanta shi a matsayin tarihi. Guntun kurmi a tsakiyar ciyawa yana iya zama ragowa, yana kuma iya zama abin da ruwan rafi ko kariyar dutse suka raya tun asali, ko ma abin da mutane suka shuka. A 1996 James Fairhead da Melissa Leach sun nuna cewa kurmin da ke kewaye da ƙauyukan Kissidougou a ƙasar Gini mazauna ne suka raya shi, alhali jami'ai sun shafe kusan ƙarni guda suna zargin su da cinye shi. Abin da ake bukata shi ne shaidar da ta fito daga zamanin da ake magana a kansa.

5.0 Shaidar Laka

Kowane fure yana fitar da wata ƙura mai laushi wadda iska ko ƙwari suke ɗauka domin barbara. Ɓawon wannan ƙurar fure yana da taurin gaske, kuma siffarsa ta bambanta daga dangin tsiro zuwa wani. Idan ta faɗa cikin tafkin da ba ya ƙafewa, takan nutse cikin laka inda iska ba ta isa, ta zauna dubban shekaru ba ta ruɓe ba. Tare da ita ɓurɓushin gawayi daga wutar daji yakan sauka. Laka tana taruwa hawa-hawa, ta bana a kan ta bara. Masu bincike sukan kafa bututu su zaro lakar a tsaye, su yanka ta gunduwa-gunduwa, su auna shekarun kowane hawa da awon sinadarin kabon, sa'annan su ƙirga ƙurar fure da gawayi a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Yawancin shekarun da za a ambata a ƙasa na wannan awo ne, kuma a zamunna masu nisa sukan gaza shekarun kalanda da ɗaruruwa, wani lokaci fiye da dubu.

5.1 Tafkin Tilla

Duwatsun Bauchi na ƙanƙarar dutse ne, ba su riƙe tafki mai zurfi. Amma a tsaunin Biu, a jihar Borno, akwai tafkin Tilla wanda ya taru a cikin ramin tsohon dutse mai aman wuta. Yana da nisan kimanin kilomita 250 gabas da Bauchi, kusan a layi ɗaya da ita, a tudu mai kimanin mita 700, ruwan samansu kuma bai bambanta sosai ba. Saboda haka abin da lakarsa ta nuna shi ne mafi kusa da tarihin tsirran ƙasar Bauchi. Ulrich Salzmann ne ya yi nazarinta a ƙarƙashin shirin haɗin gwiwa na jami'o'in Frankfurt da Maiduguri, ya wallafa sakamakon a 2000, sa'annan shi da abokan aikinsa suka faɗaɗa shi a 2002 har ya kai shekaru kimanin 17,000 baya.

A hawa na can ƙasa, wato ƙarshen zamanin ƙanƙara na duniya, ƙasar busasshiya ce, ciyawa ce ta mamaye ta, itatuwa ƙalilan ne. Dalili biyu suka haɗu. Damina ta yi rauni, sa'annan iskar kabon da tsirrai suke shaƙa ta ragu a sararin duniya zuwa kimanin kashi biyu cikin uku na yadda take kafin zamanin masana'antu. Ciyayi irin su gamba, da danginsu na gida kamar gero da dawa, suna da hanyar sarrafa wannan iska ko da ta yi ƙaranci, itatuwa kuwa ba su da ita. Ke nan ko ba a sa wuta a lissafi ba, ciyawa ce take da rinjaye a wancan zamani.

Wajen shekaru 10,000 da suka wuce sai al'amari ya juya cikin hanzari. Ruwan tafkin ya hau, itatuwa suka bazu. Musabbabin wannan yana can sama: alƙiblar da karkatar duniya take fuskanta a kan hanyarta ta zagaya rana tana sauyawa a zagaye mai kimanin shekaru 21,000, kuma a wancan lokaci arewacin duniya ya fi samun zafin rana a watannin damina. Ƙasa ta ɗumama, ta janyo iskar teku mai ruwa har cikin Sahara. Abin mamaki a lakar Tilla shi ne itacen da ya fara rinjaye a wannan zamani: zaitun na tsauni, Olea hochstetteri, wanda a yau mazauninsa tsaunuka masu sanyi ne irin na Mambila da Kamaru. Yawan ƙurarsa har zuwa wajen shekaru 8,600 baya ya nuna cewa a tudu mai tsawo irin na Bauchi an yi zamanin da ruwa ya wadata kuma sanyi bai gushe ba, har itacen tsauni ya gangaro ya zauna. Da zafi ya ƙaru sai ya ja da baya.

Tsakanin shekaru 8,500 da 7,000 baya ne danshi ya kai maƙura. Itatuwan da a yau sai an yi kudu ake ganin su da yawa, irin su kafafago da namijin kaɗe, suka yi kauri a tsaunin Biu. A nan ne ake sa ran ganin kurmin da Aubréville ya yi hasashe, in dai ya taɓa wanzuwa. Amma ƙurar ciyawa ba ta ɓace daga lakar ba, gawayi ma bai yanke ba. Ma'ana, ko a lokacin da ƙasar ta fi kowane zamani ruwa, sabana ce mai yawan itatuwa, tana cin wuta a kai a kai, ƙila da guntayen kurmi a wuraren da suka sami kariya. Wannan kuwa dubban shekaru ne kafin a fara noma a yankin. Wutar tana iya zama ta tsawa a farkon damina, lokacin da ciyawa take a bushe, tana iya zama ta mafarautan wancan zamani. Lakar ba ta bambance su.

Daga shekaru 7,000 baya ruwa ya fara raguwa sannu a hankali, bushewa ta tsananta bayan shekaru 3,800 baya, itatuwan kudu suka ja, na yankin Sudan irin waɗanda aka sani a yau suka maye gurbinsu. Alamar hannun ɗan'adam a tsirran wurin ba ta fito fili ba sai wajen shekaru 2,500 baya. Jerin abubuwan ya isa hujja: sauyin da ya fi girma ya riga manomi zuwa.

5.2 Shaida Daga Kewaye

Wasu wurare sun ƙarfafa wannan hoto. A zamanin danshin, tafkin Chadi ya kai faɗin kimanin murabba'in kilomita 350,000, kuma tudun yashin da ya bi ta Bama da Maiduguri tsohon bakin gaɓarsa ne. Kwalekwalen Dufuna da aka gano a 1987 a jihar Yobe ta yau, mai tsawon fiye da mita 8, wanda aka sassaƙa daga icen dangin maɗaci, ya kai kimanin shekaru 8,000. A kwarurrukan yankin Manga, arewacin Yobe, Salzmann da Martyn Waller sun nuna a 1998 cewa itatuwan fadama na kudu sun rayu a can, har bushewa ta kawar da su wajen shekaru 3,300 baya.

Kurmin tsauni na sosai kuwa, tarihinsa ya fi fitowa a tafkin Bambili kusa da Bamenda a Kamaru, a tudun da ya haura mita 2,200, a jerin tsaunukan da Mambila take cikinsu. Lakar da Anne-Marie Lézine da abokan aikinta suka wallafa a 2019 ta kai shekaru 90,000. Ta nuna kurmi yana hawa yana sauka: a zamanin ƙanƙara ciyawa ta rufe saman tsauni, da ɗumi da ruwa suka dawo itatuwa suka sake hawa, sa'annan wajen shekaru 3,300 baya kurmin ya sake tsagewa. Wannan lokaci ya yi daidai da na Manga, bai kuma yi nisa da na Tilla ba. Da wuya a ce gatari ɗaya ne ya sari wurare uku masu nisan ɗaruruwan kilomitoci a zamani guda. Tsawaitar rani ce ta haɗa su.

6.0 Yadda Wuta Take Raba Iyaka

Duk da haka, kuskure ne a ɗauka cewa ruwan sama kaɗai yake yanke hukunci. A ƙasar da take samun milimita 1,000 zuwa sama, kurmi da sabana duka suna iya tsayawa a wuri ɗaya, wuta ce take zaɓa. Ciyawa tana tsiro da damina, ta bushe da rani, ta ci wuta, wutar ta kashe 'ya'yan itatuwan kurmi masu siririn ɓawo, fili ya zauna a buɗe, ciyawa ta sake samun rana. Ta haka sabana take riƙe kanta. Kurmi ma yana da tasa dabara: inuwa tana hana ciyawa, rashin ciyawa yana hana wuta abin ci, danshi yana kashe wadda ta shigo. Kowannensu, in ya kafu, yana da wuyar turewa. Shi ya sa iyakar kurmi da ciyawa a kan tsauni take zama kamar an ja ta da wuƙa.

Itatuwan sabana kuwa jikinsu ya nuna sun daɗe da sanin wuta. Kaɗanya da namijin kaɗe da baushe suna da ɓawo mai kauri kamar toshiya. Gwandar daji da kalgo da taramniya, in wuta ta cinye samansu, sukan sake tohowa daga saiwa mai kauri da ke ɓoye a ƙasa. Irin wannan halitta ba ta samuwa cikin shekaru dubu biyu ko uku na noma.

Lokacin ƙuna shi ne kan gaba. An gwada wannan a gandun Olokemeji, tsakanin Ibadan da Abeokuta, tun daga 1929. An ware fili uku: ɗaya ana ƙone shi a farkon rani, ɗaya a ƙarshen rani, ɗaya an hana shi wuta ɗungum. Da Charter da Keay suka ba da rahoto a 1960, filin da aka kare ya kama hanyar zama kurmi, wanda ake ƙonewa a ƙarshen rani ya zauna ciyawa da 'yan itatuwa masu jure wuta, na farkon rani kuma ya tara itatuwa masu yawa. Dalilin a fili yake. A watan Nuwamba ciyawa tana da sauran ɗanye, wuta takan bi ta sama-sama, ta bar tsibirai, raɓar dare ta kashe ta. A watan Maris kuwa komai ya bushe ƙayau, itatuwa sun fara sabon ganye, wutar takan yi tsawo ta kama rassa. Olokemeji ta fi Bauchi ruwa, don haka ba a sa ran kariya ta haifar da kurmi a nan da irin wannan sauri, amma bambancin wutar farko da ta ƙarshe ɗaya ne. A nan ne dokar hana ƙuna baki ɗaya take da haɗari: ciyawar da aka hana ƙonewa a farkon rani ba ta zuwa ko'ina, tana nan tana jiran wanda zai yar da guntun taba a bazara.

Gandun Yankari, wanda aka keɓe a 1956 aka buɗe wa baƙi a 1962, mai faɗin murabba'in kilomita 2,244, misali ne a ƙofar gida. An shafe shekaru kusan 70 ba a noma a cikinsa, amma bai koma kurmi ba. Dajin kawo ne da dangin taramniya a kan tudu, kurmi kuwa yana nan inda aka san shi, a bin kogin Gaji da bakin maɓuɓɓugai irin Wikki.

7.0 Hannun Ɗan'adam

Wanke manomi daga laifin ƙirƙiro sabana bai wanke shi daga komai ba. Mutanen al'adar Nok, a yamma da tsaunin Jos, suna noman gero tun wajen shekaru 1,500 kafin haihuwar Annabi Isa, suna cin wake da atili, daga baya suka shiga narkar da tama. A cikin Yankari kanta akwai kufan matoyar tama masu yawa, kuma kowace matoya gawayi take ci, musamman na itace mai tauri irin ƙirya, wanda har yau shi maƙera suka fi so. Zanen shanu a duwatsun Geji, kusa da Bauchi, shaida ce ta daɗewar kiwo. Abin da mutum ya yi a tsawon wannan zamani shi ne tace daji: ya bar kaɗanya da ɗorawa da tsamiya da kuka a gona, ya kawar da saura, ya kuma sauya lokacin wuta da yawanta.

Inda hannunsa ya fi yin nauyi a yau shi ne ainihin guntayen kurmin tsauni, waɗanda suka tsira daga bushewar shekaru 3,000 ta hanyar fakewa a kwazazzabai. A Ngel Nyaki da ke Mambila, gandun yana da faɗin murabba'in kilomita 46, amma kurmin cikinsa bai wuce kimanin 7 ba. Tun da garkunan shanu suka yawaita a tsaunin a tsakiyar ƙarni na 20, wutar neman toho takan lashi gefen kurmin kowace shekara, shanu su tattake 'ya'yan itatuwa. Shirin nazarin kurmin tsaunukan Nijeriya da Hazel Chapman ta jagoranta ya killace wasu filaye a gefen kurmin, ya hana su wuta da kiwo, domin itatuwa su sake kama ƙasa. A irin wannan wuri kariya daga wuta ita ce daidai. A dajin doka ko na kawo kuwa, inda ciyawa da wuta suke tun fil'azal, cusa itatuwan turare da sunan mayar da kurmi gyaran abin da bai ɓaci ba ne.

8.0 Abin da Harshe Yake Iya Bayarwa

Lakar tafki tana da nata makanta, kuma a daidai inda harshe yake gani sosai. Marke da baushe da taramniya da geza da sabara duk dangi ɗaya ne a ilimin tsirrai, ƙurar furensu kuma ta yi kama ƙwarai har madubi ba ya raba su da sauƙi. Bahaushe kuwa ya san marke na son ƙasa mai kyau kuma ba ya jure wuta mai zafi, sabara kuma alamar saura ce da ƙasar da ta gaji. Ƙurar gero ba ta rabuwa da ta ciyawar daji, abin da ya sa farkon noma yake da wuyar gani a laka. Kaɗanya da ɗorawa, da yake ƙudan zuma da jemagu ne suke yi musu barbara, ƙurarsu ba ta yawo a iska, don haka gona cike da su tana iya wucewa ba ta bar alama ba.

Sunayen wurare suna iya cike wani giɓi, amma da sharaɗi. Kasuwar Kurmi a Kano tana tsakiyar birni, kuma littafin tarihin sarakunan Kano ya ambaci wani kurmi na tsafi a bakin Jakara. Wannan shaida ce ta kurmin fadama a wuri ɗaya, ba ta ce komai a kan tudun da ke kewaye ba. Hasali ma, ba a raɗa wa wuri suna Kurmi sai in kurmin baƙon abu ne a yankin. Zurfin irin wannan shaida ƙarnoni ne, ba dubban shekaru ba. Haka kuma kamancin sauti tarko ne: ruwayar baka ta danganta sunan Bauchi da wani maharbi mai suna Baushe, kuma kasancewar akwai itacen baushe a ƙasar bai isa ya sa a haɗa su ba.

Taskar kalmomin kanta ta fi sunayen wurare faɗin gaskiya. Wanda ya duba jerin sunayen tsirrai na Hausa da J. M. Dalziel ya tattara a 1916, ko wanda Roger Blench ya faɗaɗa daga baya, zai ga yalwar sunaye ga itatuwa da ciyayin sabana, har ana raba jinsi da jinsi, amma sunayen itatuwan kurmi kaɗan ne, wasunsu aro, kamar loko. Zaitun na tsauni da ya taɓa rufe tsaunin Biu ba a iya ambatonsa da Hausa sai da kalmar Larabci da ƙarin bayani. Sunayen itatuwan kwazazzabo da na kan dutse sun fi yiwuwa a harsunan mutanen da suka zauna a duwatsun: Sayanci da Gejanci da Polci da sauran harsunan Chadi na kudancin Bauchi da Kiyoshi Shimizu ya yi wa safiyo a 1978, da Jaranci da danginsa. Da yawa daga cikin waɗannan harsuna yaran gida sun koma Hausa, kuma sunan tsiro yana cikin abin da yake fara faɗuwa, domin yaron da ya tashi a Yalwa ko Wunti ba shi da inda zai ji shi. Mai tattara kalmomi da zai je Dass ko Tafawa Ɓalewa ko Toro, in ya tambayi sunan itace, yana da kyau ya haɗa da tambayar inda yake tsirowa, da ko yana tohowa bayan wuta, da kuma watan da kakanni suke sa wa dutsen wuta.